Inda Motar Injiniya Ta Tsaya

"Wai ita ce ta kunna wutar," in ji matar Tela, bakinta dab da kunnena.

Muna zaune ne a falon Injiniya, wajen gaisuwar rasuwarsa. An janye kujeru an jingina su da bango don mata su sami wuri a ƙasa, ni kaɗai aka bar wa kujera saboda gwiwata. Matar mamacin tana kusurwa, kusa da ƙofar kicin, ta zuba wa tafin hannunta ido.

"Wace wuta?" na ce.

"Ta motar mana, Malama. Yana ciki yana haɗa wayoyi, ita kuma ta tashi yin guga, ta danna makunnin da ya hana ta taɓawa. Nan take wuta ta ja shi. Ko shurawa bai yi ba."

"Wa ya gani?"

"Ai kowa ya sani."

"Ban ce wa ya sani ba. Wa ya gani?"

Ta gyara mayafinta, ta juya wajen wadda ke ɗaya gefen nata, wadda ba ta da yawan tambaya.

Kimiyya na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma abin da aikin ya bar mini, ban da ciwon maƙogwaro, shi ne rashin yarda da duk zancen da ya fara da "wai". An ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ne, amma sau da yawa ƙwaryar ce ba a wanke ba. Sai dai a wannan karon ba karatu ne ya hana ni haɗiye zancen ba. Na ga Injiniya da idona a ranar da ya rasu, da hantsi, ina hanyar kemis karɓo maganin gwiwa. Yana zaune cikin motar, gilashi a rufe, don an ɗan yi yayyafi da safe. Na ɗaga sandata na ce, "Injiniya, a kira matasa su tura ne?" Gaisuwata ke nan gare shi kullum. Ya ɗaga hannu ya taɓa gilashin. Na wuce.

Matarsa kuwa gugarta ta sassafe ce. Katanga ɗaya ce tsakaninmu tun 'ya'yanmu suna rarrafe, na san ƙarar ƙafar teburin gugarta kamar yadda na san tarin mijinta. Ranar ma na ji ta, tun kafin in gama shan shayi. In wuta ta kashe shi da sassafe, wa ya ɗaga mini hannu da hantsi?

Shi ba injiniya ba ne. Mu 'yan layi muka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuma ya karɓe da hannu biyu don ya ba mu haushi. Gyaran motocin ɗaga kaya ya yi a wani babban sito, irin waɗanda ke aiki da batir, har ƙarfinsa ya fara ja baya aka sallame shi. Da ya dawo gida ya rasa abin taɓawa, sai ya juya kan tsohuwar motarsa da ke ƙarƙashin bishiya a gefen katangarsu. Wata safiya muka tashi muka tarar ya kafa ƙarafa uku, ya rataya sarƙa, ya zaro injin motar gaba ɗaya kamar mahauci ya fito da kayan ciki. Tankin mai ya biyo baya, sannan salansa. Ya ce ya rabu da fetur, rabuwa ta har abada. A gurbin injin ya dasa na lantarki da ya samo daga wata matacciyar motar ɗaga kaya, ya jera batira a but da ƙarƙashin kujerar baya.

Damina biyu ta wuce motar tana nan inda take. Mutum ne mai taurin kai, kada a ce don ya mutu na mai da shi waliyyi. Ya cinye rabin kantar kicin ɗin matarsa da kayan aiki, murafun tukwanenta duk sun koma mazubin kusoshi, kuma in yana aiki ba a kiransa ko gobara ake yi. Wani lokaci yakan leƙo ta saman katanga.

"Malama, in waya ta yi zafi laifin wa?"

"Laifin wanda ya yi mata rowar kauri."

"Kauri tsada gare shi."

"Gobara ta fi shi tsada."

Sai ya tafi yana ƙunƙuni, bayan kwana biyu in ga ya canja wayar. Na san abin da yake yi mai yiwuwa ne, babu tsafi a ciki. Amma a layinmu tsiya ita ce gaisuwa, kuma da ni ake yi. Direba, mai tasi da ke ƙasan layi, in zai wuce sai ya kumbura kumatu ya yi kukan injin da bakinsa. Mai shago yakan tambaye shi ko kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashin bonet. Na taɓa ce masa, "To ko hon ɗin ka haɗa, mu san da mota a layi." Ya ce, "Hon sai ƙarshe, Malama. Wanda bai tashi ba wa zai ce wa ya kauce?"

Da mata suka watse da yamma na ja kujerata kusa da matarsa. An ajiye mata abinci tun rana, ƙudaje ne kawai suka kula shi.

"Ƙanwata, ki ci ko loma biyu."

"Yaya, kin ji abin da ake faɗa."

"Na ji. A bakinki nake so in ji."

Ta nuna mini bangon da ke tsakanin falo da kicin. Akwai makunni a wurin, an liƙa masa jan salatif, gefe ɗaya ya ɓanɓaru yana reto. Daga soket ɗin da ke ƙasansa wata baƙar waya mai kauri ta bi gindin bango ta fita ta ƙarƙashin taga.

"Ta nan yake yi wa motar caji. Nan kuma nake sa dutsen guga, makunninsu ɗaya. Ya ce in yana waje kada in taɓa. Ranar ya tashi da fara'a, ya ce in shirya, yau zai kai ni gidan yayata da mota. Na ce to, sai ka sa riga mai kyau, kada a ce direbana ƙazami ne. Dariya nake yi masa, Yaya, sau nawa ya faɗi haka? Amma na ce bari dai in goge masa rigar. Na leƙa ban ji motsin aiki ba, na ɗaga salatif ɗin na danna." Ta sake kallon tafin hannunta. "Sai da rana ta take na kai masa ruwa."

"Wa kika gaya wa?"

"Ban sani ba. Ina kuka ina faɗa."

"Akawu fa?"

Akawu ƙanen Injiniya ne, shi ke tsaye kan zaman makokin a ɓangaren maza.

"Ba ya amsa gaisuwata. In zai ba da saƙo sai ya ba bango. 'Yarmu ta kira daga can inda take aure, ta ce, Mama, da gaske ne? Na ce da gaske ne. Ba ta sake kira ba." Ta ja numfashi. "Akawu ya ce jibi masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ɗauke motar. Gara haka."

Na so in ce mata na gan shi da rai bayan gugarta. Na riƙe bakina, don ganin tsohuwa mai tabarau ba hujja ba ce, kuma ban so in ɗaga ta in sake kayar da ita.

Washegari na ɗauki sandata na fara da Tela, don shi ke wankan gawar maza a layinmu. Na same shi a kan keken ɗinki, bakinsa cike da allurai.

"Tela, da ka wanke Injiniya, ka ga ƙuna?"

Ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya ya soke su a hannun rigarsa. "Malama, abin da mai wanka ya gani amana ce."

"Ban ce ka tona masa asiri ba. Wuta in ta kashe mutum takan bar shaida, inda ta shiga da inda ta fita. A hannu, ko a ƙafa. Akwai ko babu?"

"Babu."

"Me ke akwai?"

Ya daɗe yana juya wilin keken da yatsa. "Bakinsa ya karkace gefe ɗaya. Idon wannan ɓangaren ma ya sauka. Hannun kuma a dunƙule, da ƙyar na miƙar da yatsun."

"Ka taɓa ganin irinsa?"

"Mahaifina. Ɓarin jikinsa ne ya shanye." Ya ƙi kallona. "Amma shi an kai shi asibiti da wuri, ya ƙara shekaru a duniya."

"Ka wuce ta ƙofar Injiniya ranar?"

"Da zan zo buɗe shago."

"Ya ɗaga maka hannu?"

"Gilashi ya ƙwanƙwasa. Na ce masa, Injiniya, in ka tashi ka rage mini hanya." Ya taka keken da ƙarfi, duk da babu zare a allurar.

Direba na tarar yana wanke tasinsa, wando a naɗe har gwiwa. Shi bai jira tambaya ba.

"Mama, ni tun farko na faɗa. Motar da ba ta da salansa ba mota ba ce, akwati ce. Ga shi ta zame masa akwatin."

"Kai ka fito da shi?"

"Ni da Mai shago. Da katako muka fara jan hannun ƙofar, kada wutar ta haɗa da mu. Na sa shi a tasi, muna isa likita ya ce ai ya riga ya cika. Akawu ya ce wuta ce, shi ke nan muka juyo."

"Likitan ne ya ce wuta ce?"

"Akawu ya gaya masa."

"Kun tura motar?"

"Wa zai taɓa wannan? Makullin kawai na zare, shi ma da tsumma, na ba matarsa. A murɗe ma na same shi. Bawan Allah, ya murɗa, mota shiru, ya zauna yana jira."

"Da safe ka gan shi?"

"Da na dawo daga kai 'yan makaranta. Na yi masa kukan injin kamar kullum, ya daki gilashi. Na ce yau Injiniya haushi yake ji." Soson da ke hannunsa ya tsaya a kan bonet, kumfa tana zuba a kan ƙafarsa. "Mama, me ya sa kike tambaya?"

"Tsufa ne. Yana sa surutu."

Mai shago ya riga ya ji ina yawo kafin in isa. Bai ba ni benci ba.

"Malama, me kike nema ne? Mutum kwanansa ya ƙare, an binne shi. Ki bar mu da abin da muka sani."

"Ku an bar ku. Matarsa fa? Ba ta ci abinci ba tun ranar."

"Ni ban ce ita ce ba."

"Ba ka ce ba ita ba ce. Yaushe ka wuce shi?"

Ya shiga jera gwangwanayen madara da suke a jere. Na jingina da kanta na jira. Na yi shekaru ina jiran yara su faɗi wanda ya fasa kwalbar gwaji, na san shiru ya fi bulala.

"Rana ta kusa takewa," ya ce daga baya, da murya ƙasa-ƙasa. "Na je karɓo burodi. Kansa yana jingine da gilashi. Na ce, Injiniya, barci kake ko caji?"

"Ya amsa?"

"Yatsunsa suna motsi a jikin gilashin." Ya ajiye gwangwanin. "Akwai miyau a haɓarsa, Malama. Na gani. Na ce a raina, tsufa ke nan." Sai ya ɗago ya dube ni sosai. "Ke ma ai kin wuce. Daga nan na hango ki kina ɗaga masa sanda."

"Na wuce."

"To?"

Na ɗauki sandata.

A hanyar komawa na tsaya a ƙofar Injiniya. An zagaye motar da igiya da duwatsu don kada yara su matsa, kowa sai ya ratse ta ɗaya gefen titi. Ni na ɗaga igiyar na shiga. Abin da na gani ba ɓoyayye ba ne, yana nan a fili tun ranar, ba dai wanda ya so ya duba. Ƙarƙashin bishiya, inda motar ta yi damina biyu, ga tsohon tabon baƙin mai, ga ciyawar da ta tashi fara don rashin rana, ga ramukan da tayoyi suka lotsa. Bulullukan da yake tare tayoyin da su an ɗauke su, an jera su tsaf a gindin katanga. Kan wayar caji yana kwance a ƙasa daidai inda bayan motar yake a da. Motar kuwa ba ta wurin. Tana can gaba, kuma layinmu daga bishiyar zuwa ƙofarsu hawa ne. Ta tsaya ƙofarta ta fasinja tana kallon ƙofar gidan, yadda mai fitowa ba sai ya taka laka ba.

Da hantsin ranar a nan na gan ta. Na yi masa tsiyar a tura, tana tsaye a inda ba ta taɓa tsayawa ba, ban lura ba.

Na shiga gida na zauna ban cire takalmi ba. Sai a lokacin na gane abin da zancen wutar yake yi mana. In wuta ce, nan take ne, babu wanda ya makara. Mutum ɗaya ce ta danna makunni, sauran mu masu gaisuwa ne. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiri ƙarya, kowa dai ya ji zancen ya zauna masa daidai kamar takalmin da aka auna, ya sa ƙafa. Na kama kaina ina cewa ina ma wutar ce. Har na fara kawo wa kaina dalilai, irin na masu ilimi, masu tsabta: in na faɗa, na sauke mata kaya na ɗora mata wani, don za ta san ya daɗe yana jira, katanga ɗaya tsakaninsu. Wannan gaskiya ne. Amma ta bayan katangar ina jin matar Tela tana lallashinta ta sha ko ruwan shayi, ita kuma tana cewa ba za ta iya ba.

Washegari masu tsohon ƙarfe suka iso da safe da babbar mota mai ƙugiya. Akawu yana gaba da hularsa a karkace, yana nuna musu inda za su kama. Layi ya fito kallo, Tela da tef a wuya, Direba, Mai shago daga nesa. Na shiga na kamo hannun matar Injiniya na kawo ta bakin ƙofa.

"Malama, wannan ba wurin mata ba ne," in ji Akawu, yana kallon sama da kaina.

"Ɗan nan, na koyar da kai a aji, ban manta makinka ba. Matsa." Na juya gare ta. "Ƙanwata, ga wayar can a ƙasa. Ɗauko ta ki jona wa motar."

Mutane suka ja baya. Wani ya ce tsohuwar nan ta fara ruɗewa.

"Makunnin a kashe yake, ni na duba da kaina. Ɗauko."

Ta tafi a hankali, ta sunkuya ta ɗauki kan wayar da yatsu biyu, ta nufo motar. Wayar ta miƙe daga ƙarƙashin taga, ta ɗaure, ta tsaya. Ta ja, ta ƙi. Tsakaninta da bayan motar akwai abin da ya fi tsawon mutum a kwance. Ta sake ja har firam ɗin tagar ya yi ƙara. Ta tsaya da wayar a hannu tana kallon tazarar.

"An tura motar ne bayan abin ya faru," in ji Akawu.

"Wa ya tura? Direba, kai ne?"

"Ni ban taɓa ta ba."

"Mai shago?"

Ya girgiza kai.

"To gangarowa ta yi," in ji Akawu.

"Ta gangara sama? Lallai makin nan da na ba ka ma alfarma ce." Wasu suka fara dariya, ta mutu a bakinsu. "Ƙanwata, ba ni makullin."

Ta kwance shi daga bakin zanenta. Na miƙa wa Direba, ya mai da hannayensa baya.

"Mama, ina da 'ya'ya ƙanana."

Na daɗe rabona da tuƙi, tun mai gidana yana da rai. Na ɗora tafin hannuna a kan bonet na bar shi a wurin don kowa ya gani, sannan na buɗe ƙofa, na cusa gwiwar da ƙyar, na zauna. Wani ya rufe ƙofar a kaina. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa. Akwai warin roba da na sabulun da yake wanka da shi. Na murɗa makulli. Wani abu ya yi ƙas a baya, wata 'yar koriyar fitila ta kama kusa da sitiyari. Shi ke nan.

Ta cikin gilashi na ga Direba ya buɗe hannaye yana ce wa mutane, "Kun ji? Shiru."

Na sauke birkin hannu, na sa giya, na ɗora ƙafa a kan totur kamar mai taka ƙwai.

Motar ta tafi. Babu kuka, babu girgiza, babu hayaƙi, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da wani siririn zuu kamar na sauro. Igiyar da aka zagaye ta da ita ta faɗi. Mutumin da ke riƙe da ƙugiya ya yi tsalle gefe. Na wuce ƙofar gidan kaɗan, na taka birki, na sa ribas, na dawo da ita a hankali har ƙofar fasinja ta sake daidaita da ƙofar gidan. Na ja birkin hannu.

Direba ya sauke hannayensa.

Na kai hannu in buɗe ƙofa, hannun ƙofar ya tafi fayau bai kama komai ba. Sai na tuna. Duk layi mun san ƙofar nan ba ta buɗuwa ta ciki, sai an sauke gilashi an zura hannu waje, har waƙar tsiya yara suka yi mata. Na kama mariƙin gilashin na murɗa, ya ƙi. Tsatsa ta cije shi. Da hannu ɗaya ba zai motsa ba.

A lokacin ne na dubi gilashin kansa. Ta waje ba a ganin komai a jikinsa. Ta ciki, inda rana ta bugo shi, duk shatin yatsu ne. Na sama-sama a fili suke, yatsu huɗu da tafi. Na ƙasa sun zama jan layi, kamar an goga hannu an sake gogawa. Ta tsakaninsu ina ganin layinmu gaba ɗaya, ƙofar Tela, rumfar Mai shago, tasin Direba, da tagata mai koren labule.

Na sa hannu biyu na murɗa, gilashin ya sauka yana kuka. Matar Injiniya tana tsaye a wurin, har yanzu ƙurar wayar tana yatsunta.

"Ta tashi," ta ce.

"Ta tashi. Shi ya kawo ta nan."

Ta dubi ƙofar fasinja, ta dubi ƙofar gidanta. Akawu ya cire hularsa yana juya ta a hannu, ya ce, "Matar yaya." Ba ta waiwaye shi ba. Ta dafa bakin tagar, kusa da hannuna.

"To me ya same shi, Yaya?"

Tela ya sunkuyar da kai. Mai shago ya juya kamar zai tafi, amma bai tafi ba.

"Ba wuta ba ce," na ce. "Ya cire cajin kafin ki danna makunni. Ya tuƙo motar ya tsaya yana jiranki, sai ɓarin jikinsa ya shanye. Ya kasa buɗe ƙofa, ya kasa magana. Yana da rai tun safe har rana ta kusa takewa, yana buga gilashi. Tela ya wuce, Direba ya wuce, na wuce, Mai shago ya wuce. Dukanmu mun gan shi, kowa ya yi masa wasa ya tafi."